Kalma ɗaya ta cinye muhawarar gabashin Turai a zaurenmu

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya na ɓata dare na yi dogon rubutu a nan kan ƙasashen da suka fito daga mulkin kwaminisanci, ko mutum ɗaya bai tanka ba, amma da aka sako zancen ƙwallo sai da wayata ta yi zafi saboda saƙonni. To yau zan gutsuro kaɗan ko Allah zai sa wani ya ji. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu sharhin nan da kullum sai su ce mana ku dubi Polan ku dubi Hangari, haɗin kan yanki ne ya kai su ga dimokuraɗiyya, ku ma ku bi sahu. Ni kam ban yarda ba. A 1993 Tarayyar Turai ta zauna a Kopenhagen ta gindaya sharuɗɗa, sai da zaɓe, sai da kotu mai cin gashin kanta, sai an kare tsiraru, sai an saki kasuwa, wanda ya cika ya shigo. Suka lallaɓa suka cika saboda ido na kansu, ranar 1 ga Mayu 2004 aka buɗe ƙofa takwas daga cikinsu suka shige. Shekara shida kacal, 2010, Orban ya dawo mulki a Hangari da kashi biyu bisa uku na majalisa, ya sauya kundin tsarin mulki, ya mamaye gidajen jarida, a 2014 da bakinsa ya faɗa cewa ƙasar da yake ginawa ba ta masu sassaucin ra'ayi ba ce. Polan ma daga 2015 jam'iyyar PiS da ta karɓi mulki ta sa hannu a kotuna. To ina dimokuraɗiyyar da haɗin kai ya dasa? Almajiran Brussels, hedikwatar Tarayyar Turai, ne kawai, sun yi ladabi a ƙofar gida har aka zuba musu, kwano na cika kowa ya koma halinsa.

Tsohon Gardi: Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Fagge duk wannan dogon bayanin naka abu ɗaya na gani a ciki. Almajirai? Duk duniya ka rasa wanda za ka kwatanta mutanen da kake kira masu fuska biyu da shi sai almajiri? Ni a tsangaya na tashi, Gabas na yi karatu, na yi bara da ƙoƙona ban ɓoye ba, kuma wallahi ba don kwano muke ladabi ba. Ka janye kalmar nan.

Ɗan Fagge: Allah ya gafarta Malam, misali ne fa na kawo, ba tsangaya nake nufi ba. Ka koma ka karanta abin da na ce kan Hangari.

Tsohon Gardi: Babu ruwana da Hangari. Misalin ne dai bai yi ba. Mu kenan kullum, in ana neman abin ƙasƙanci sai a waiwayo mu.

Likita: Salam. Yaya Ɗan Fagge ni ba ta ɓangaren Malam zan kama kalmar ba, ta ɓangaren Polan zan kama ta. Wa ya gaya maka roƙo suka yi? Tun 1980 ma'aikatan tashar ƙera jiragen ruwa ta Gdansk suka yi yajin aiki suka kafa ƙungiyar Solidarnosc ƙarƙashin Lech Walesa, mai gyaran lantarki ne fa ba farfesa ba, mambobinta suka kai wajen miliyan 10. Disamban 1981 Janar Jaruzelski ya sa dokar soja ya kwashe shugabanninsu ya kulle, ba su daddara ba. Ranar 4 ga Yuni 1989 aka yi zaɓe suka ci kujera 99 cikin 100 na majalisar dattawa. Wannan duk kafin katangar Berlin ta faɗi, kuma shekara huɗu kafin Kopenhagen ɗin da kake faɗa. Mutumin da ya sha ɗauri don zaɓe tun babu wanda ya yi masa alƙawarin ko sisi, ta yaya za ka ce don kwano ya yi?

Tsohon Gardi: Likita kai ma ka maimaita. Wato a wurinka almajiri shi ne mai roƙo shi ya sa kake wanke Turawa daga sunan. Almajiri mai neman ilimi ne wanda ya bar garinsu don Alƙur'ani, limaman da kuke bi sallah da yawansu ta nan suka biyo.

Maman Hanifa: Malam Gardi ka yi haƙuri, muna girmama masu karatun allo, amma mu daina rufa-rufa. Yaron da ke tsaye ƙofar gidana da asuba cikin hunturu babu takalmi, kansa duk makero, shekarunsa ba su wuce bakwai ba, shi ma sunansa almajiri. Ba Ɗan Fagge ne ya ɓata sunan ba, iyayen da ke jibge yara a mota su aika birni ba tare da ko mudun gero ba su ne suka ɓata shi.

Tsohon Gardi: Hajiya ke kin taɓa tambayar uban yaron me ke cikin rumbunsa? Masu gidan bene kullum ku ne da zagin talaka.

Maman Hanifa: Gidan haya nake ciki Malam, kuma yaran nan ni nake wanke musu kai ranar Juma'a. Kada ka yi min shaidar abin da ba ka sani ba.

Shugaban Zaure: Jama'a a dawo kan magana don Allah. Gabashin Turai ake yi.

Baba Injiniya: To bari tsoho ya sa baki. Ni a Tarayyar Sobiyet na yi karatu, a Donetsk, fannin narka ƙarfe, lokacin da ake tura mu saboda Ajakuta. Ba zan ce muku aljanna ce ba, layi muke bi mu sayi nama, kuma akwai maganar da ba ka isa ka yi a ɗakin kwanan ɗalibai ba don ba ka san wa ke kai rahoto ba. Amma karatu kyauta ne, asibiti kyauta, malaminmu mutum ne mai daraja a gari. Na koma bayan rushewar 1991 lokacin da Yukren ke amfani da wasu takardun kuɗi da suke kira kupon, farashi na tashi tsakanin safe da yamma, na iske wannan malamin nawa a bakin kasuwa ya shimfiɗa jarida a ƙasa ya jera littattafansa da cokulan gidansa yana sayarwa, sanye da kwat ɗin da yake shiga aji da ita. Ya gane ni ya kau da kai. Duk wanda zai yi min zancen dimokuraɗiyyar bayan kwaminisanci sai ya fara da wannan mutumin. Ɗan Fagge ɗana, kalmarka ba daidai ba ce amma ba don dalilin Malam Gardi ba. Polan ba almajira ba ce, 'yar gata ce. A 1991 ƙasashe masu bin bashi na ƙungiyar Paris suka yafe mata rabin bashinta don tsarin ministan kuɗinta Balcerowicz na sakin farashi kada ya kifar da sabuwar gwamnati. Mu da Babangida ya ɗora mana SAP a 1986 wa ya yafe mana? Sai 2005 zamanin Obasanjo aka yafe dala biliyan 18, shi ma sai da muka zube kusan biliyan 12 a hannu.

Ɗan Fagge: Yawwa Baba, Allah ya ƙara girma. Ai maganata kenan, kuɗi ne ya yi aiki.

Likita: A'a Yaya, ba maganarka Baba ya faɗa ba, kai cewa ka yi sun yi ladabin ƙarya. Kuma Baba da girmanka, abin da ka gani a Donetsk hujja ce a kanku ba gare ku ba. Yukren ba ta cikin waɗanda aka buɗe wa ƙofa. A 1990 ita da Polan kusan kafaɗa da kafaɗa suke a arziki, kafin yaƙin 2022 abin da ɗan Polan ke samu ya ninka na ɗan Yukren fiye da sau uku. Ni a Kharkiv na yi karatun likita, da yaƙi ya ɓarke a Fabrairun 2022 mun cusa kanmu a jirgin ƙasa zuwa Lviv, daga can muka doshi iyakar Polan a Medyka, ƙarshen tafiyar da ƙafa cikin sanyin da yatsunka ba sa iya buɗe zip ɗin jaka. Ba zan ɓoye ba, a layi an riƙa maida baƙar fata baya, na gani da idona kuma an yi min. Amma da muka tsallaka, titi kaɗai ya isa ya gaya maka ka shigo wata duniya, ga mata 'yan sa-kai da manyan tukwanen miya suna miƙa wa kowa. Mutanen Kyiv da suka kwana a dandalin Maidan daga Nuwamban 2013 don shugabansu Yanukovych ya ƙi sa hannu a yarjejeniya da Turai, sun san abin da suke hange a ƙetaren iyaka.

Baba Injiniya: Likita, garin da na yi karatu yau kufai ne a wurare da yawa, kuma daga wannan dandalin naku abin ya faro. An shigar da Polan da Hangari da Cek cikin NATO a 1999, aka ƙara bakwai a 2004 har da ƙasashen Baltik da ke manne da Rasha, kuna zaton za ta naɗe hannu?

Likita: Baba ba Maidan ce ta jefa bam a Kharkiv ba. Ina cikin ginin ƙarƙashin ƙasa ina jin ƙararsu, na san daga inda suke tasowa.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni tambaya ɗaya gare ni. Wanga Orban da kuke faɗi, da ya yi abin da ya yi, Turai ta yanke ma Hangari wuta? Ta rufe mata iyaka ta hana magani shiga? Sai 2018 suka buɗe mishi shari'ar sashe na 7 na yarjejeniyar Tarayyar, wanda ake hukunta ƙasar da ta taka ƙa'idojin dimokuraɗiyya da shi, kuɗɗi kuwa sai ƙarshen 2022 suka riƙe wani kaso. Polan tara aka ci ta, yuro miliyan guda kowace rana a 2021, ba a ce za a kai mata soja ba. Mu kau CEDEAO, wadda kuke kira ECOWAS, cikin kwana huɗu bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ta rufe muna iyaka, Najeriya ta yanke wuta, buhun shinkafa ya gagari talaka a Maraɗi, 'yan uwanmu na Jibiya da Katsina su ma suka ji a jikinsu. In haɗin kan yanki kenan mu mun yafe.

Malama Mai Tarihi: Ɗan'uwa na Maraɗi, wahalar da talakan Nijar ya sha babu mai imani da zai yi murna da ita, amma abin ba ɗaya ba ne. Orban akwati ne ya kawo shi, 2010 da 2014 da 2018 da 2022, ko da an ce ya karkata filin wasan. Bai tsare zaɓaɓɓen shugaba a fadarsa ba.

Ɗan Maraɗi: Malama ke ba ki zauna ƙarƙashin mulkin da aka kifar ba, ki bar mu da abinmu. Ku da kuke da zaɓe mi ya hana ku barci lafiya a Zamfara?

Abu Sumayya: Kai ɗan Maraɗi kar ka kawo mana raini, Zamfara ta shigo ta ina?

Ɗan Maraɗi: Ta inda Bazoum ya shigo.

Shugaban Zaure: Na ce a bar siyasar gida. Wanda ya sake zan cire shi na kwana ɗaya.

Malama Mai Tarihi: To bari in koma kan ainihin abin da Ɗan Fagge ya faɗa tunda kowa ya watsar da shi. Ƙanena, ka ɗauki Hangari ka yi hukunci da ita a kan ƙasashe goma sha ɗaya da suka shiga daga 2004 zuwa Kuroshiya a 2013. Ka duba Sulobakiya. Vladimir Meciar yana mulkinta da ƙarfa-ƙarfa, a 1997 Turai ta fitar da rukunin farko na waɗanda za a fara tattaunawa da su ta bar ta a waje, dalili a fili, siyasarta ba ta cika sharaɗi ba. Jama'a suka ga maƙwabtansu Cek da Polan da Hangari za su tafi su bar su, zaɓen 1998 fiye da kashi 80 cikin ɗari suka fito, Meciar ya rasa mulki, a 2004 suka shiga tare da sauran. Wato ƙofar ta ba talaka abin da zai auna shugabansa da shi. Yanzu ka juya ka kalli inda babu irin wannan ƙofa. Belarus, Lukashenko tun 1994. Azabaijan, uba ya miƙa wa ɗa a 2003. Turkmenistan, uba ya miƙa wa ɗa a 2022. Ƙungiyar tattalin arzikin da Rasha ta haɗa a 2015 da Belarus da Kazakistan da Armeniya da Kirgistan ba ta tambayar kowa yadda ya yi zaɓe. Kuma Polan ɗin da ka ce ta koma halinta, a Oktoban 2023 aka kada PiS daga mulki ta hanyar akwati, jagoran adawa Donald Tusk ya karɓa a Disamba babu wanda ya fito da tanka. Inda nake tare da kai guda ne, Turai ta fi ƙarfi a kan wanda ke waje yana son shiga, wanda ya riga ya shige hukunta shi sai an sha wuya, don matakin ƙarshe na sashe na 7 sai duk sauran sun yarda, Hangari da Polan kuwa suka riƙa kare juna.

Ɗan Fagge: To Anti ai kin gama min aiki da wannan layin na ƙarshe.

Malama Mai Tarihi: Layi ɗaya ka gani cikin duk abin da na rubuta?

Abu Sumayya: Malama duk wannan lissafin naki akwai abin da kika tsallake da gangan. Ƙofar nan wa ake buɗe wa? Turkiyya ta nema tun 1987 har yau tana waje. Albaniya ta fito daga kwaminisanci mafi tsanani, sai 2014 aka ce mata 'yar takara. Bosniya kuwa a Yulin 1995 aka yanka Musulmi maza da yara kimanin 8,000 a Srebrenica, a garin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce amintacce ne, sojojin Holan na wurin, a tsakiyar Turai ɗin nan mai wa'azin haƙƙin ɗan Adam, kuma sai Disamban 2022 aka ba ta matsayin 'yar takara. Kuroshiya da aka yi yaƙin tare da ita tana ciki tun 2013. Ku kira abin da sunansa, ƙungiyar Kiristoci ce.

Malama Mai Tarihi: Srebrenica tabo ne da ba zai goge ba, ban musa ba. Amma Masedoniya fa? Yawancinsu Kiristoci ne, 'yar takara tun 2005, Girka ta tare ta saboda suna har sai da ta koma Masedoniya ta Arewa a 2019, tana gama wannan Bulgeriya ta tare ta a 2020 kan harshe da tarihi. Sabiya da Montenegro ma suna waje.

Abu Sumayya: Masedoniya ai kusan kashi ɗaya bisa uku Musulmi ne, kin ga kenan.

Maman Hanifa: Ni abin da ban ji kowa ya taɓo ba shi ne mutanen da suka watse. Ƙanwata nas ce a Ingila, ta ce a sashensu 'yan Romaniya da Bulgeriya da Polan ba sa ƙirguwa. Bulgeriya tana da mutum kusan miliyan 9 a 1989, ƙidayar 2021 ta samu miliyan 6 da rabi. Ƙasar da ta horar da likita ya tafi Jamus ya bar tsofaffi a ƙauye, ita ma riba ta ci? Abin da ke faruwa da likitocinmu kenan.

Likita: Hajiya in da ni kike, ni na dawo gida ina aiki a nan.

Maman Hanifa: Ban ambaci sunanka ba Likita.

Ɗan Maraɗi: Ku kuna ta tafiya nesa. Binin da ke maƙwabtaka da mu da ku, Kerekou ya ayyana Markisanci a 1974, ya sake shi ƙarshen 1989, Fabrairun 1990 suka yi taron ƙasa a Kwatano, 1991 Soglo ya kada shi ya sauka lafiya. Wace Brussels ta yi musu alƙawarin shiga? Mongoliya ma tsakanin Rasha da Sin take, tun 1990 take zaɓenta babu ƙungiyar da ta ja ta.

Malama Mai Tarihi: Wannan magana ce mai nauyi, kuma ta fi rusa Ɗan Fagge a kan ta rusa ni, don ta nuna mutane na iya son zaɓe ba don kuɗin kowa ba. Sai dai ku ma kun yi taron ƙasa a 1991, kuka zaɓi Mahamane Ousmane a 1993, Janairun 1996 soja suka dawo. Abin tambaya shi ne me ke riƙe ta bayan an kafa.

Ɗan Maraɗi: Kin sake dawowa kanmu kenan.

Tsohon Gardi: Na je sallar la'asar na dawo, har yanzu ban ga inda aka janye kalmar nan ba. An zagaya Turai kaf, an je Mongoliya, amma a ce Malam yi haƙuri ya gagara.

Ɗan Fagge: Malam ban zagi kowa ba, don haka babu abin da zan janye. Kakana ma alaramma ne.

Tsohon Gardi: To da yana raye ka karanta masa abin da ka rubuta.

Shugaban Zaure: Jama'a magariba ta gabato, bari in taƙaita don waɗanda ba su bi daga farko ba. Ɗan Fagge ya kawo magana mai ma'ana cewa dimokuraɗiyyar gabashin Turai da kuɗin Yamma aka gina ta, kuma Baba Injiniya, wanda shi kaɗai ne a cikinmu ya zauna a Tarayyar Sobiyet ya ga abin da idonsa, ya tabbatar da haka da batun yafe wa Polan bashi da halin da malaminsa ya shiga. Ɗan'uwanmu na Maraɗi ya nuna yadda ake lallaɓa Bature a murƙushe baƙar fata, Abu Sumayya ya tuna mana abin da aka yi wa Musulmin Bosniya, Hajiya ta kawo yadda ƙasashen suka rasa matasansu. Likita da Malama sun kawo nasu ra'ayin, kuma ita Malama da kanta ta amsa cewa Turai ba ta iya hukunta wanda ya riga ya shiga. Batun kalmar almajiri an fahimci juna, ba da niyyar cin mutunci aka faɗa ba. Saboda haka zaure ya amince cewa wannan tsari ba abin koyi ba ne gare mu. Allah ya sa mu dace.

Malama Mai Tarihi: Shugaba ina Sulobakiya a taƙaitawar nan? Ina zaɓen 1989, ina na 2023, ina Belarus? Ka ɗauki jimla ɗaya tawa ka ba abokinka.

Tsohon Gardi: Da wa aka fahimci juna? Ni ba a fahimci komai da ni ba.

Ɗan Maraɗi: Ni ma ban ce baƙar fata da Bature ba, CEDEAO na ce, kuma baƙaƙe ne suka yanke muna wuta.

Likita: Shugaba a cire ni daga cikin "zaure ya amince", ni ban amince ba.